Challenger 5.7 mai kashe silinda huɗu tana ƙarar sarƙa da safe: a buɗe ta ko a ci gaba da hawa?

Mai Challenger, Tumfure

Assalamu alaikum iyayen gida, masana injin. Shawara nake nema a kan Dodge Challenger R/T ƙirar 2010, injin Hemi 5.7, giya otomatik. Ta Kwatano ta shigo, agogonta na nuna mil 96,000 da 'yan kai.

Abu uku ne suka haɗu mata. Da safe in an tayar da ita akwai ƙara daga gaban injin, kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi, daƙiƙa biyu ko uku sai ta ɗauke. Sannan a hanyar Gombe zuwa Bauchi, in ta miƙe a kan kilomita 110 a awa har alamar tsimin mai ta fito a dashbod, sai wani gurnani ya taso da 'yar karkarwa a ƙasan kujera, da an taɓa totur ya ɓace. Na ukun, fitilar cek injin ta kama sau ɗaya, kwamfuta ta karanto lambar matsala P0016, aka goge, yau kwana tara ba ta dawo ba.

Inda ake yi mata sabis sun ce baƙin man ne ya yi ruwa-ruwa, a koma mai kauri 20W-50 ƙarar za ta mutu. Wani kuma ya ce irin wannan motar tana tsinke sarƙar tayimin a kan gudu ba sallama, kuma dabarar kashe silinda ce ke jawowa. Wanne zan kama? In buɗewa za a yi, me da me ake canzawa, kuma me zan tsaya a kai don kada a yi mini aikin rabi da rabi?

Injiniya na Yelwa

Wa alaikumus salam. Alhaji, maganar mutum na biyun ka kama, amma da gyara. Ba sarƙar ce ke fara mutuwa ba. Gayid ne, wato takalmin robar da sarƙa ke gogawa a jikinsa tana wucewa. Shi yake tsagewa, sarƙa ta samu sarari ta fara bulala, daga nan ko ta tsallake haƙori ko ta tsinke gaba ɗaya.

Kamfanin ma ya amsa wannan da kansa. A 2014 Chrysler, kamfanin da ke ƙera Dodge, ta fitar da sanarwa mai lamba P01 a kan Challenger da Charger da Chrysler 300 ƙirar 2009 zuwa 2012, masu injin 5.7 da giya otomatik, waɗanda lambar giyar aksil ɗinsu na baya take 3.06 ko 3.73 ko 3.92. Motoci kusan dubu hamsin abin ya shafa. Abin da takardar ta ce shi ne gayid na iya karyewa, karyewarsa na iya tsinka sarƙa, tsinkewar sarƙa kuma ta lalata injin. Aikin da aka ba dilolinsu shi ne su canza abu uku tare: sarƙa, tenshina mai ɗame ta, da gayid. Challenger R/T otomatik ta wannan shekarar da 3.06 take zuwa, ka ga taka tana tsakiyar jerin.

Ga yadda kashe silindar ya shigo maganar. MDS suke kiran tsarin, tun ƙirar 2005 yake a Hemi. Injin yana ba da wuta a wannan jeri: 1-8-4-3-6-5-7-2. In mota ta miƙe ba nauyi a kanta, biren bos, wato kwamfutar injin, yana kashe ɗaya ya bar ɗaya, sai 1 da 4 da 6 da 7 su kwanta, 8 da 3 da 5 da 2 su ci gaba da ja. Da baƙin mai ake yin aikin. Akwai solenoyid huɗu a ƙarƙashin manifol na iska. In sun buɗe, mai ya shiga lifta takwas na waɗannan silindu (ƙarafan da kamshaf ke turawa don buɗe bawul) da ƙarfi, ya ture wani ɗan fil a ciki, sai lifta ta riƙa lotsewa cikin kanta maimakon ta ɗaga sanda. Bawul ya zauna a rufe, a yanke fetur da wutar filogi. Duk wannan cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

To me ya haɗa wannan da sarƙa? Lissafi ne. Da silinda takwas, kiranshaf yana samun bugu duk digiri 90. Da huɗu, sai duk digiri 180, kuma kowane bugu ya fi nauyi tunda huɗu ne ke ɗaukar kayan takwas. Tsakanin bugu da bugu kiranshaf yana ɗan lafawa sannan ya zabura. Ido ba ya gani, amma sarƙar da ke haɗa shi da kamshaf tana ji: a ja ta, a sake ta, a ja ta. A can sama kuma kamshaf ɗin ya daina tura rabin sifirin ɗin bawul, nauyin da ke kansa ya zama babu daidaito. A kan 110 a giya ta biyar, mai 3.06 tana juyi wajen 2,000 a minti, wato bugu 4,000 masu nauyi a minti, kuma a hanya irin ta Alkaleri za ta iya shafe rabin awa a haka. Mai aksil 2.65 a wannan gudun tana ƙasa da 1,800. A ganina wannan ne ya sa takardar ta ware motoci da lambar aksil, kuma ta bar masu giyar hannu a waje, domin su ba su da MDS ko kaɗan. Haka SRT8 mai 6.1 ba ta da shi, haka Hellcat.

Wani abin da ya ƙara wa sarƙar aiki: daga 2009 an sa wa 5.7 feza a kan kamshaf, abin da ke matsar da lokacin bawul gaba ko baya da ƙarfin mai. Ta fi tsohon siroket nauyi, kuma ita ma tana da nata motsin.

Kafin a taɓa sifana, ɗauki lambar shasi mai harafi 17 ka sa a shafin Mopar, sashen kayan gyara na Chrysler, na duba kiranye, ka ga ko P01 tana nan a buɗe, wato ba a yi aikin ba. Dubi kuma takardar da ke manne a ƙofar direba, watan ƙira yana jiki. In ka samu rahoton tarihin motar daga Amurka, wani lokaci aikin yakan fito a ciki. In ba ka ga shaidar an yi ba, ɗauka ba a yi ba. Kada kuma ka sa rai da gyaran kyauta, a dilolinsu na can aka yi shi.

Gurnanin da kake ji a kan 110 shi kaɗai ba ciwo ba ne, haka V8 ke yi in ta koma huɗu, musamman in an taɓa salansa ko kujerun injin sun saki. Ƙarar safe haɗe da P0016 ita ce ta sa na ce a ajiye motar. Injin nan in sarƙa ta tsinke fistin yana cin karo da bawul, babu sararin kaucewa.

Rewaya, Jekadafari

Injiniya ya gama magana a kan dalili. Ni zan tsaya a kan tantancewa, don Hemi tana da ƙara iri uku da mutane ke cakuɗawa, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Akwai tik-tik mai kaifi daga gefen injin da safe, wadda ke raguwa in ya ɗau zafi bayan minti biyu zuwa biyar. Wannan yawanci bol ɗin manifol na hayaƙi ne ya karye, galibi na can baya. Haska tocila, za ka ga baƙin tabo na hayaƙi a wurin ko kan bol ya ɓata. Akwai tik-tik daga saman injin wadda ba ta tafiya ko ya yi zafi, tana bin juyin injin, daga baya misin ya biyo a silinda ɗaya. Wannan lifta ce, 'yar tayar da ke ƙasanta ta ci, tana sassaƙe kamshaf. Sai ta ukun, shararar ƙarfe daga gaba, bayan famfon ruwa. Ita ce ta sarƙa.

Hanyar rabewa ba wuya. Da injin a sanyi, a cire fanbel, a tayar na daƙiƙa goma zuwa ashirin kawai. In ƙarar ta ɓace, to a cikin altaneta ko fuli ko famfon ruwa take. In tana nan, a ɗora doguwar sukundireba a murfin tayimin a kara kunne, sannan a gwada a murfin bawul na hagu da na dama a ji inda ta fi ƙarfi. Kada a wuce daƙiƙa ashirin, ba fanbel ruwa ba ya zagayawa.

P0016 ma'anarta abin da sensar kiranshaf ke faɗi da abin da sensar kamshaf ke faɗi sun saɓa. Ba ta ce sensa ta mutu ba. Nan ake yawan asarar kuɗi, a canza sensa biyu a goge, bayan sati ta dawo. Abubuwan da ke kawo ta a wannan injin: sarƙa ta saki ko ta tsallake haƙori, feza ta maƙale, solenoyid ɗin feza ya toshe da datti, ko mai ba ya da ƙarfi ko ya yi kauri. Kwamfuta mai kyau tana nuna inda biren bos ke son kamshaf ya tsaya da inda yake a zahiri. A silo, injin da zafi, su biyun su tafi tare. In na zahirin yana rawa ko ya tsaya nesa, matsalar ta ƙarfe ce, ba ta waya ba.

In an ɗaga manifol, a zaro solenoyid ɗin feza a dubi rariyar jikinsa. In akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, kamshaf ya fara ci, aikin ya wuce na sarƙa. A yanka tsohuwar filtar mai ma a baje takardar ciki a rana. Baƙaƙen gutsattsarin roba daga gayid suke.

A auna ƙarfin mai da geji na hannu, ba da fitilar dashbod ba. Littafin kamfani ya ce mafi ƙaranci a silo psi 4, a juyi 3,000 kuma tsakanin 25 da 110. Wannan 4 ɗin iyakar mutuwa ce, lafiyayyen injin yana ba da ninkinta da yawa. In a silo da zafi allura tana lilo can ƙasa, a san da famfon mai a lissafi.

Lambobin da ke nuna MDS ɗin kansa daban suke: P3400 da P3497 na ɓangarorin injin biyu, kowace da nata, P3401 silinda 1, P3425 silinda 4, P3441 silinda 6, P3449 silinda 7. In babu ko ɗaya a ciki, solenoyid huɗun nan a ƙyale su.

Mai Challenger, Tumfure

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Oga Rewaya. Na duba shasi, P01 tana nan a buɗe, ba a yi ba. An cire fanbel da safen nan, ƙarar ba ta tafi ba, kuma a murfin gaba ta fi fitowa. Saura tambaya biyu. Maganar 20W-50 fa, tunda zafin Gombe a watan Maris da Afrilu ba irin na Amurka ba ne? Kuma in aka kashe MDS ɗin da kwamfuta, ba za a huta da buɗe injin ba?

Tsohon Bakanike, Bauchi

Ranka ya daɗe, 20W-50 za ta rufe maka ƙarar, ba za ta ɗinke robar da ta tsage ba. Kuma za ta ƙaro wata cutar. A murfin mai an rubuta 5W-20, littafin motar ya faɗa ƙarara cewa MDS ba zai yi aiki daidai da wani kaurin ba. Har lamba biren bos ke da ita ta wannan, P1521, wato man da aka zuba ba nasa ba ne. Ramukan da mai ke bi zuwa lifta da feza ƙanana ne. Mai kauri yana isa a makare, fil ɗin lifta ya fita rabi ya tsaya, feza ta yi nawa, kuma da safe daƙiƙun farko saman injin a bushe yake juyawa. Batun zafin gari, tamostat ɗin motar sai wajen digiri 95 yake buɗewa, ka ga a Gombe take ko a Jos, cikin injin zafinsa kusan ɗaya ne muddin lagireto da fanka suna lafiya. Abin da zafi da ƙurar hunturu suke nema shi ne a gajarta sabis. Sintetik 5W-20 na gaske, lita 6.6 da filta, duk kilomita 5,000. A sayi jarka a rufe daga hannun dila, jabun mai ya yi yawa a kasuwa. In an cire mata tamostat kamar yadda ake yi wa motoci a nan, a mayar.

Kayan da za a tanada kafin a kwance ko bol ɗaya: sarƙa, tenshina, gayid, siroket na kiranshaf, gasket ɗin murfin tayimin, sil na gaban kiranshaf, gasket ɗin botom filet, zoben robar bututun tsotson mai, gasket ɗin famfon ruwa, mai, filta, ruwan lagireto. A mil 96,000 ni ina ganin a haɗa da famfon mai da famfon ruwa, tunda dole sai an cire su kafin a kai ga sarƙa, kuɗin aikin ɗaya ne. Kayan su zama na kamfanin Mopar, ko Cloyes, ko Melling. A kula sosai, saitin 2003 zuwa 2008 ba ya shiga 2009 zuwa sama, na baya mai feza ne, famfon mai ma ba iri ɗaya ba. Wanda zai aiko daga Ladipo ko Apo a ba shi lambar shasi, ya turo hoton kayan a hannu. Sabon gayid da aka gyara bayansa alminiyom ne, roba a fuska kawai. In aka turo maka na roba zalla, tsohon yayi ne, ka mayar. Gwanjon sarƙa kuwa ko kyauta ne kada ka karɓa.

Aikin kansa. Batir a but yake, a cire shi tukuna. A zubar da ruwa da mai. A fitar da bututun iska, fanka, fanbel, altaneta, famfon sitiyari. Kwamfiresar AC a kwance ta a ɗaure gefe, ba sai an saki gas ba. Fulin kiranshaf da fula ake zaro shi. Wanda ya ɗauko guduma da ƙarfen taya a tsayar da shi, domin fulin nan akwai roba a tsakiyarsa da ke shanye girgiza, kuma injin da ke komawa silinda huɗu ya fi kowane buƙatarta. In robar ta tsattsage ko fulin yana rawa, a canza.

Botom filet sai ya sauka, saboda bututun tsotso a jikin famfon mai yake ɗaure, famfon kuma yana zaune a gaban sarƙa a kan kiranshaf. Masu gaggawa sukan sassauta gaba kawai su lanƙwasa gasket, daga baya ɗigo ba ya ƙarewa. Ga kuma babban dalili: gutsattsarin tsohon gayid a can ƙasa suke taruwa, su toshe rariyar bututun. In ba a wanke ba, an sa sabuwar sarƙa an bar abin da zai kashe ƙarfin mai. Gasket ɗin nan haɗe yake da farantin da ke tare fantsamar mai, sabo ake sawa. Zoben roba na bututun shi ma sabo, a shafa masa mai, a tabbata bai cije ba. In ya cije famfo iska zai riƙa tsotsa.

Saitin tayimin: silinda ta 1 a sama, ramin makullin kiranshaf yana kallon ƙarfe 2 na agogo, alamar siroket ɗin ƙasa tana ƙarfe 6, alamar feza tana ƙarfe 12. Sabuwar sarƙa tana da alama ɗaya a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Guda ɗayar a kan alamar feza, biyun su sa alamar siroket ɗin ƙasa a tsakiyarsu. Sarƙa na cire kada a juya kiranshaf ko kamshaf. Ita feza bol ɗin tsakiya kawai ake kwancewa, ƙananan da ke jikinta ba a taɓa su. In tana da wasa a hannu ko P0016 ta dawo bayan aiki, sabuwa ake sawa, ba a gyara ta. Fil ɗin tenshina sai komai ya zauna ake zare shi.

Daga nan a juya injin da hannu zagaye biyu, filogi a cire don ya yi sauƙi. Alamomin siroket biyu su dawo 12 da 6. Alamomin jikin sarƙa ba za su dawo wurinsu ba a zagaye biyu, wannan ba kuskure ba ne, yara da yawa sukan rikice a nan su sake kwancewa. In an ji ya cije a wani wuri a tsaya, kada a danna.

Kowane bol da sifanar awo. Na fulin kiranshaf 176 Nm ne. Gam kaɗan a kusurwoyin da murfi da bulok da botom filet suka haɗu, ba a shafe gasket duka da shi ba, rarar da ta matso ciki rariyar mai take tafiya. Ruwan lagireto na 2010 irin HOAT ne, ba a gauraya shi da OAT na ƙirar 2013 zuwa sama, in sun haɗu sukan yi kunu. Tunda an zo nan a duba filogi, 16 ne, biyu a kowace silinda, kuma na wannan shekarar a kilomita 48,000 ake canza su. Mai hannu da kayan aiki cikakku zai gama a yini biyu ba gaggawa.

Injiniya na Yelwa

A kan kashe MDS. In sarƙa ta riga ta fara ƙara, kashe shi bai mayar da komai ba, gayid da ya tsage ya tsage. Bayan an sa sabon saiti ne maganar ke da amfani, kuma a nan ni ina goyon bayan a kashe. Hanya mafi arha ba ta cin ko kwabo: a wannan giyar mai biyar, in ka tura liba gefe ka koma canji da hannu, dashbod ya nuna 5 maimakon D, MDS ba ya shiga. Mai son na dindindin sai na'urar tunin irin DiabloSport, wadda ke kashe shi a cikin biren bos. Ƙirar 2010 tana karɓa kai tsaye, daga 2015 ne aka kulle biren bos ɗin. Abin da za ka rasa ɗan tsimin fetur ne a doguwar hanya. A cikin gari, tsakanin Tumfure da kasuwa, da ma ba ya samun shiga sosai.

Kada dai a yarda wani ya zare soket ɗin solenoyid ya ce ya kashe. Cek injin za ta zauna a kunne, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba.

Rewaya, Jekadafari

Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Saitin da aka gyara an yi shi ne don ya zauna da MDS a kunne, kuma motocin 2013 zuwa sama suna kashe silinda kamar na baya ba tare da an sake kiran su a kan gayid ba. Wanda ya sa kaya na asali, yana zuba 5W-20 a kan lokaci, ban ga dole a kansa ba, balle da tsadar fetur ta yanzu. Kuma kada Alhaji ya ɗauka kashewa da kwamfuta ta raba shi da ciwon lifta. Liftocin suna nan a ciki, kuma 'yar tayar ƙasa tana ci har a silindun da ba a kashewa, har a motocin giyar hannu. Abin da ya fi cin ta shi ne dogon silo. A bar mota awa guda a tsaye da AC ana jiran mutum a inuwa, mai ba ya fantsama sosai a kan kamshaf a wannan juyin. Cirewa ta gaskiya sai an ɗaga top silinda biyu, a sa lifta 16 marasa MDS, a canza kamshaf, a toshe ramukan solenoyid huɗu, a yi tunin. Wannan sai in kamshaf ya riga ya ci ake shiga, ba don riga-kafi ba.

Masu Camaro SS kada su ɗauki wannan zaren su ɗora wa tasu kai tsaye. Ƙirar 2010 zuwa 2015 mai otomatik injin L99 gare ta, 6.2, tana kashe 1 da 4 da 6 da 7 ita ma, AFM suke ce wa nasu. Mai giyar hannu LS3 ce, babu. Amma ita ciwonta ya fi yawa a lifta da ke maƙalewa a lotse, sai misin da tik-tik, ba gayid ba. Mustang GT mai 5.0 ta waɗannan shekarun ba ta kashe silinda sam, sarƙoƙinta ma huɗu ne, wani karatu ne daban.

Tsohon Bakanike, Bauchi

Ku biyun kowa da hujjarsa, Alhaji ya zaɓa bayan an rufe injin. Abin da ya rage shi ne yadda motar za ta isa gareji. In a cikin Gombe ne, a hankali, liba a canjin hannu, kada juyi ya wuce 2,000. In Bauchi ko Abuja za a kai ta, a ɗora ta a bayan janwe. Otomatik ce mai ja da baya, ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, giya za ta ƙone.

Wanda tasa ta riga ta mutu a kan gudu, alamar ita ce injin ya ɗauke tsit kamar an kashe makulli, sitiyari ya yi nauyi, birki ya rage taku ɗaya ko biyu masu taushi. A riƙe ta a gangara gefe. In aka murza kik aka ji yana juyawa da sauri fiye da kullum, fiii, babu nauyi, a saki makullin. Kowane murzawa fistin yana ƙara dukan bawul ɗin da ya tsaya a buɗe. A buɗe murfin bawul ɗaya, a juya kiranshaf da hannu kaɗan: in rokas ba su motsa ba, sarƙa ta tafi.

Daga nan top silinda biyun za su sauka. A juya su a zuba fetur a ramin kowane bawul, wanda ya zubo ya lanƙwashe. Sandunan tura bawul 16 a mirgina su ɗaya-ɗaya a kan gilashi, mai rawa a jefar, kuma a tuna na iska gajeru ne, na hayaƙi dogaye, in aka musanya su wajen haɗawa bawul zai sake lanƙwashewa tun a kik na farko. Kan fistin in tabo ne kawai a goge kaifin a bar shi. In ya tsage ko gefensa ya lotsa ya danne ringi, injin ya sauka. Mai neman injin gwanjo ya tabbata na 2009 zuwa sama ne, mai feza da MDS. Na Ram yana kama da shi a ido, amma murfin gaba da manifol da botom filet duk daban ne, sai an kwashe na tsohon an mayar a kansa. Shi ma kafin a ɗora shi a mota a buɗe gabansa a sa sabon saiti, yana ƙasa aikin awa biyu ne.